Igiyar da Auta Bai Ja Ba

Garkar da Baba ya bar mana tana bakin korin Telwa, rafin da sai da damina yake kawo ruwa, arewa da Agadas, inda ruwa bai yi nisa a ƙasa ba. Da ya rasu, ƴan'uwanmu mata suka ɗauki rabonsu a gidan cikin gari, garka ta faɗo mana mu biyu, ni da ƙanena. Shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma har yau da furfura ta fara leƙo masa a gemu ba wanda ya daina ce masa Auta. Muka raba garkar biyu, rijiya a tsakiya. Na ɗauki ɓangaren gabas, inda tsohon shingen Baba ya zama kurmi: magarya, aduwa, icen asuwaki, da lallen da ba wanda ya yanka tun zamanin Inna, duk sun cuɗe da juna har akuya ba ta iya ratsawa. Na bar wa Auta fili mai kyau, shimfiɗaɗɗe, wanda rana ke samu tun safe. A lokacin har yabon kaina nake yi, ina cewa samun wa irina sai an tona.

Ni ina da shagon kayan mota kusa da tasha. Ko garka ta yi ko ba ta yi ba, tukunyar gidana za ta hau wuta. Auta ba shi da komai sai wannan ƙasa. Da zarar kori ya kawo ruwan farko zai shuka gero, ya riƙa taimaka masa da injin ban ruwa, don damina a wajenmu ba abar dogaro ba ce. Wannan geron shi ke riƙe masa gida, shi da matarsa da ƴaƴansa, har albasa ta isa cira. In gero ya yi, Auta yana nan tare da mu. In bai yi ba, akwai motocin da ke tashi arewa zuwa Jado wurin haƙar zinariya, kuma yawancin abokansa sun riga sun hau su. Duk shekara sai ya faɗa kamar da wasa: "In hatsi bai yi ba bana, Yaya, sai dai ka ji ni Jado." Ni kuwa ba abin da nake tsoro kamar ramukan nan. Na san gidaje a unguwarmu da aka yi zaman makoki ba tare da an ga gawa ba.

To, kowa da irin haukansa, ni nawa kallon tsuntsaye ne. Shekarun da turis, masu yawon buɗe ido, ke zuwa Agadas, ina cikin masu tuƙa su zuwa dutse da sahara. Yawancinsu tudun yashi suke so, da raƙumi, da faɗuwar rana. Sai wata shekara na ɗauko wata tsohuwar Anasara da ba ruwanta da duk wannan. Ko ina ta ga ƙaya ta yi duhu sai ta ce in tsaya, ta sauka ta zagaya bayan ice ta daɗe. Kwana biyu na farko na ɗauka ciki ne ke damunta, har na dafa mata ganye. Ran nan ta kira ni ta miƙo min jumel, madubin nan mai ido biyu da ke jawo nesa kusa, ta nuna min wani reshe. Na duba. Wani ɗan tsuntsu ne da in a da ne zan ce gwara ce kawai in wuce, amma ga shi a gabana kamar a tafin hannu, ƙirjinsa na hawa da sauka, baki buɗe don gajiya. Ta ce min daga ƙasarsu ya taso, ya ƙetare teku, ya ƙetare sahara gaba ɗaya, kuma nan ne icen farko da ya samu.

Wannan magana ta zauna min. Ni na san abin da sahara ke yi wa mota mai ganga biyu ta ruwa da tayoyin canji da addu'ar uwa. A ce wannan ɗan abu da bai fi cokali ba ya ratsa ta da fukafukansa. Da tsohuwar za ta tafi ta bar min jumel ɗin. Daga baya turis suka ɗauke ƙafa, motocinmu suka koma wasu ayyuka, ni na buɗe shago. Jumel dai ya zauna, da ciwon da ya sa min.

Idan damina ta ɗaga, kori ya bushe a sama ya bar laima a ƙasa, sai su fara sauka. Baba yana ce musu ƴan wucewa, don ba sa yin sheƙa a wurinmu, hutawa kawai suke su yi kudu. Tsattsewa ke fara zuwa, su yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a kan fangalin da aka ba ruwa. Sai wasu ƙanana masu rawaya a ciki, masu kaɗa wutsiya, suna bin hanyar ruwa da ƙafa kamar masu neman allurar da ta faɗi. Akwai kurciya mai zane a wuya da ba ta saba da mutane ba, da alhudahuda da ke buɗe tukkunsa duk sanda ya sauka. Cikin icen asuwaki kuma ƙanana ne masu launin ƙasa iri-iri, waɗanda sai ka yi shekaru kafin ka rarrabe wannan da wancan, suna cin ƴaƴan icen kamar ba gobe. Wanda na fi so shi ne mai jar wutsiya. In ya sauka a reshe sai wutsiyar ta riƙa karkarwa, kamar garwashin da ake hurawa. Ba kullum ake ganinsa ba, kuma ba ya daɗewa.

Mutanen tasha sun yi min dariya har sun gaji. Namiji da gemunsa, da ƴaƴa har sun isa aure, yana laɓe cikin ƙaya yana leƙen tsuntsu. Ban taɓa damuwa ba. Nakan ce musu wani ma ƙwallo yake kallo, ƙatti suna bin fata da gudu, ba wanda ya ce masa mahaukaci.

Sai dai shinge ba ya tambayar tsuntsu daga ina ya fito. Inda ƴan wucewa ke hutawa, nan gwara ke kwana, ita da jan baki, kuma waɗannan ba baƙi ba ne, ƴan gida ne masu cin gero. Lokacin da ƴan wucewa ke sauka shi ne daidai lokacin da zangarniya ke cika da ƙwaya mai ruwa-ruwa, wadda gwara ta fi so. Don haka mai gero a garka yana da aiki guda a kaka wanda ba ya bari a huta, korar tsuntsu. Auta yakan kafa sanduna ko'ina cikin geron, ya ja igiyoyi daga wannan zuwa wancan, ya rataya gwangwanayen tumatir da na madara da tsakuwa a ciki, da tsummokin leda. Dukkansu sun haɗu a igiya guda da ta zo har wata ƴar rumfa mai tsayi da ya yi a tsakiya. In ya fizgi igiyar nan sau ɗaya, fili gaba ɗaya sai ya ɗauki kururuwa. Da hantsi ya yi zafi tsuntsu yakan koma inuwa, mutum ya samu ya yi wani aiki. Amma da sassafe da kuma bayan la'asar, wanda ya saki igiya ya saki abincin gidansa.

Bara, farkon kaka, na je garka bayan sallar asuba kamar yadda na saba. Na zauna a gindin aduwa na jingina. Can sai ga mai jar wutsiya, na farko a wannan shekara, ya sauka a wani reshen magarya da ya sunkuyo, kusa da ni ƙwarai. Na ɗaga jumel a hankali, ina riƙe numfashi. Na same shi ke nan, ina ganin har farin goshinsa, sai gwangwanaye suka ɓarke da ihu. Shinge gaba ɗaya ya tashi sama. Reshe ya rage yana lilo shi kaɗai.

Ni mutum ne mai saurin fushi, wannan duk dangi sun shaida. Na miƙe na daka tsawa:

"Kai Auta! Wane irin rashin hankali ne wanga? Ba ka ganin mutum na aiki? Bar jan wagga igiya in ina nan, kana kore min su!"

Aiki fa na ce. Ni da ke zaune a inuwa da madubi a ido, ni ne mai aiki. Auta ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin in kai shago na manta an yi.

Abin da ban tuna ba shi ne irin gidan da muka tashi. A wurin Baba, ƙane ba ya mayar wa wansa magana, ba ya tambayarsa dalili, kuma maganar babba ba ta tsufa sai in shi ya janye ta da bakinsa. Ni na ci amfanin wannan tarbiyya tun ina yaro har na daina ganinta, yadda mutum ba ya ganin hancinsa. Ni na yi faɗan minti guda na wuce. Auta ya ɗauke shi doka.

Makonnin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin kaka irinsu ba, kuma wannan ne ke ci na har yau. Garka ta yi tsit. Kullum ina can da asuba, in buɗe shago a makare, la'asar ta yi in rufe in koma. Tsuntsaye suka saki jiki. Na ga abubuwan da shekara da shekaru ban gani ba. Na ga masu cin ƙudan zuma, masu launi kamar zanen amarya, sun jeru a kan igiyar Auta ita kanta. Na ga salwa ta fito daga ciyawa da ƙafa ta sha ruwa ta koma. Mai jar wutsiya ya yi kwanaki a magaryar nan har na fara gaishe shi. Auta yakan dafa shayi ya kawo min yana sanɗa, ya ajiye kofi a gefena ba ko tari. Wata rana har na ce masa, "Ka gani, bana sun saba da ni." Ya ce, "Haka ne, Yaya."

Za a ce ban ga gwara a kan gero ba? Na gan ta. Takan taso daga shingena kamar hayaƙi ta zuba a filin Auta, har na taɓa cewa a raina kai, Allah mai halitta. Jumel yana da wani hali, yana nuna maka abu guda da kyau ya rufe maka duk sauran duniya. In kuma wani tunani ya so ya taso min, ina da amsa a ajiye: nawa tsuntsayen ƙwari suke ci, ba ruwansu da hatsin kowa, taimakon manomi ma suke yi. Gaskiya ce. Sai dai gaskiyar ba ta hana gwara cin gero.

Matar Auta ta san abin da ke faruwa, amma ni wan mijinta ne. Tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, in ta gaishe ni ma a durƙushe take, kanta a ƙasa. Ba ta da bakin da za ta faɗa min. Wadda ke da wannan baki a duk dangi mutum guda ce, taubashiyata, ɗiyar gwaggonmu, mai sayar da kayan miya a kasuwa. Tsakaninmu wasa ne tun muna yara, tana iya zagina a gaban liman ba wanda zai ce mata don me. Wata ranar da azahar ta shigo shagona, ta ture min kwalin kaya ta zauna.

"Anasaran gidanmu, yau ba a tahi gaida dangi ba?"

Na ce, "Dangina na barci yanzu. Ke mi ya kawo ki, tsohuwar banza? In bashi ne babu."

"Barka na zo yi maka. An ce ka yi baƙi bana, ka yanka musu gonar Auta gaba ɗaya. Karamci ya yi."

Na ce mata mi take nufi. Ta gyara lulluɓi ta ce:

"Ni ba ni nuhin komi. Jiya dai na je garka sayen ganye, na iske zangarniya kamar kan tsohon da aka yi wa aski. Na tambayi matar Auta ko igiyarsu ce ta tsinke. Ta ce igiya lahiya lau take, an dai hana ta magana sahe da marece."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wa ya hana ta?"

Ta miƙe tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai da ke da madubin ganin nesa, ni makauniya za ka tambaya? Gobe in ka je, ka juya shi yamma ko sau ɗaya."

Na yi ta masifa ni kaɗai bayan ta fita, har wani mai neman bel ɗin mota ya juya ya tafi. Amma washegari na je garka da wuri, na zauna a gindin aduwata, na bar shinge a bayana. Na ɗaga jumel na juya shi yamma, wajen rumfar Auta.

Yana tsaye a kai. Igiyar tana naɗe a hannunsa na dama, naɗi biyu, yadda ake riƙe ta in za a ja. Gwara ta rufe geron da ke gabansa, kowace zangarniya ta sunkuya da nauyinsu. Na ga damtsensa ya ɗaure, ya ja igiyar har ta miƙe. Sai ya waiwayo wajen aduwata, ya ga farar rigata, ya sassauta. Ya kamo bakin rawaninsa da hagu yana kaɗa wa waɗanda ke kusa da shi, a hankali, ba sauti, yadda uwa ke korar ƙuda daga fuskar jaririn da ke barci. Tsuntsayen ko gezau. Jumel ɗin nan mai kyau ne, Anasara ba ta ba ni na banza ba. Na ga fuskar ƙanena sarai. Ba fushi a cikinta. Kallon geronsa kawai yake ana cinyewa, leɓunansa suna motsi.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsa ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Kullum ina faɗa wa mutane laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga shi ni har da na'urar hangowa na hau nawa.

Na tashi na ratsa cikin geron. Duk zangarniyar da na kama, sama ta tafi, tsakiya ta tafi, sai ɗan abin da ya rage a gindi. Na isa rumfa na ce:

"Don mi ba ka ja ba?"

"Ka ce in bari, Yaya."

"Ran nan kaɗai na ce!"

Ya ce, "Ba ka ce ran nan kaɗai ba." Ba da gatse ya faɗa ba, tuna min kawai yake. Ya ƙara da cewa, "In ka tahi ina ja. Sai dai lokacin sun ƙoshi."

Abin da ya kamata in yi a nan kowa ya san shi. Ni kuwa sai na hau shi da faɗa. Na ce shi wane irin mutum ne, ba shi da baki? In na ce ya faɗa rijiya sai ya faɗa? Yana da ƴaƴa, yana tsaye yana kallon abincinsu na tashi sama saboda maganar banza? Na zage shi a kan ya ja igiya, yau kuma ina zaginsa a kan bai ja ba, duk ni kaɗai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Wannan haƙurin na biyu ya fi mari zafi.

Na fizge igiyar daga hannunsa na ja da duk ƙarfina. Gwangwanaye suka ɗauka. Gwara ta tashi, shinge ya tashi, nawa da nasa duka suka yi sama. Na yi ta ja har tafin hannuna ya saluɓe. Daga ranar ban sake zuwa da jumel ba, ni da shi muka riƙa karɓa-karɓa a rumfa. Amma ihu ne bayan hari.

Na ce masa zan sa a sare shingen gaba ɗaya, tsuntsu ya rasa wurin kwana. Ya ce a'a, icen Baba ne, kuma shi ke tare wa garka iska. Da aka yanke gero, abin da aka ɗaure bai kai a kira jaki ba, a ka aka kai shi gida. Na sayi hatsi a kasuwa na aika masa. Ya karɓi na farko don kar ya kunyata ni. Da na sake aikawa sai ya zo shago da kansa ya zauna, ya yi ta juya wata tsohuwar ƙusa a hannu, daga baya ya ce namiji ba ya shekara a kwanon wansa. Ya ce kada in sa wa raina komai, gwara ta yi yawa bana, maƙwabta ma sun taɓu. Wannan ma gaskiya ce, sun taɓu. Amma su sun kai wani abu rumbu, don ba su da wa mai madubi.

Ya dasa albasa, ya damƙa ta hannun wani maƙwabcinmu a kan za su raba. Da sanyi ya fara shigowa ya ce min zai tafi. Na yi magana, na yi faɗa, na kawo labarin duk wanda rami ya rufta da shi. A karon farko a rayuwarsa Auta ya saurare ni har na gama bai ce to ba. Na so in ce masa na hana, na san kuma in na faɗa zai zauna. Amma na ga abin da hanina na farko ya jawo, ban da fuskar yin na biyu.

Motarsu daga tashar da ke gaban shagona ta tashi. Ni na ɗaure masa bido, jarkar ruwansa, a jikin mota, na duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya har mai motar ya fara harara ta. Ina so in ce masa ya yafe min. A gidanmu ba a koya mana yadda wa ke faɗa wa ƙane wannan ba, na nemi kalmar na rasa. Abin da ya fito shi ne, "Kar ka shiga ramin da ba ka ga wanda ya hito daga cikinshi ba." Ya ce, "To, Yaya. Ka duba min yara." Mota ta tashi.

Bana da kori ya kawo ruwa, ni na shuka gero a filin Auta. Rabona da fartanya tun ina saurayi. Layukan suka fito a karkace kamar tafiyar maye, taubashiyata ta zo musamman don ta gani, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Duk da haka ya tsiro, ya yi kara, ya fitar da kai. Na nemo sandunan Auta da igiyoyinsa a inda ya ajiye, na ƙara gwangwanaye. Jumel yana rataye a ƙusa cikin shago. Kullum da asuba ina kan rumfa, la'asar ma haka. Ba zan yi ƙarya ba, ƴan wucewa sun zo, ina jin muryoyinsu a shinge, na san kowanne ko ban gan shi ba. Wani lokaci in na hango jan nan yana karkarwa a magarya hannuna yakan yi nauyi, sai na tuna damtsen Auta sannan in ja. A raina na ƙudura cewa in rumbunsa ya cika, ba shi da hujjar zama can.

Inda su Auta suke ba rezon waya, sai sun hau wani dutse suke samun kira. Makon jiya da safe ina kan rumfa salula ta yi ƙara, na ga shi ne. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi jiki. Muryarsa ta dushe, yana tari tsakanin magana, ya ce ƙurar rami ce, ba komi. Sai ya ce:

"Yaya, baƙinka sun iso?"

Na ce sun iso.

"Na sani. Shekaranjiya wani ya hwaɗo ƙarƙashin motar ruwa, yana neman inuwa. Ɗan ƙarami, mai jar wutsiya, irin wanda kake so. Baki buɗe, ko tashi ba ya iyawa. Yaran nan za su kama shi, na hana. Na zuba mishi ruwa a murhin bido, ya sha, ya kwana nan. Da sahe ya yi kudu. Na ce wataƙila wurinka za shi."

Ruwa a can saye ake, na sani. Ina tsaye da salula a kunne sai gwara ta zubo daga shinge ta sauka a gero, hannuna ya ja igiya da kansa. Gwangwanaye suka ɗauka.

Ya ce, "Wa ke jan igiya?"

"Ni ne."

"Za ka kore su, Yaya."

Na ce, "Gero ya yi kai, Auta. Naka ne. Ya cika hili, wallahi, ka zo ka gani. Ka dawo gida."

Na ji iska tana busawa a wayar, na ji tarinsa. Ya ce, "Ka riƙa duba ƙullin da ke wajen magarya, yana kwancewa." Na ce na ji, amma yaushe zai dawo? Ya ce, "Bari mu ga bayan sanyi, Yaya," sai rezo ya ɗauke.

Na sauka na je wajen magarya. Ƙullin ya kwance kamar yadda ya faɗa, gwangwanayen wannan kusurwa duk suna ƙasa, gwara ta cinye layi biyu ban sani ba. Na ɗaure shi, na koma rumfa na naɗe igiya a hannu.